Sa William Willcocks (1852–1932): Injiniyan Nilu da Furatu

Gabatarwa

Ban ruwa, wato shayar da amfanin gona da ruwan kogi ko na rijiya a lokacin da sama ba ta zubar ba, sana'a ce da ta girmi rubutu. A gaɓar manyan koguna irin su Nilu a Masar, da Dijla da Furatu a Iraƙi, da Indus a ƙasar Hindu ne ɗan'adam ya fara haƙa magudanai da ɗaga ganuwar ƙasa domin ya juya ruwa yadda yake so, kuma a kan wannan aiki ne birane da sarautu na farko suka kafu. Bayan dubban shekaru sai Turawan mulkin mallaka suka iso waɗannan ƙasashe, suka tarar da wannan gado, wani yana aiki wani ya zama kufai, suka ɗora nasu ginin a kansa don biyan tasu bukatar. Da wuya a sami mutum ɗaya da rayuwarsa ta ratsa waɗannan zamunna biyu kamar Sa William Willcocks. Shi ne ya tsara madatsar ruwa ta farko a Aswan, shi ne kuma ya bi sawun matattun magudanan Babila yana auna su. Duk da haka, a ƙarshen rayuwarsa sai ga shi a gaban kotun 'yan'uwansa Turawan Ingila, ana tuhumar sa da ɓata suna.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi William Willcocks ranar 27 ga Satumba, 1852, a arewacin Indiya. Mahaifinsa, Kyaftin William Willcocks, ma'aikacin Turawan da ke mulkin ƙasar ne, kuma aikin magudanan ruwa yake yi. Saboda haka yaron ya buɗe ido ne a bakin ruwa. Bai cika shekara biyu ba aka buɗe babbar magudanar Kogin Ganjis a 1854, wadda Turawa suka haƙa bayan yunwar da ta halaka jama'a masu yawa a yankin Agra a 1837 zuwa 1838. Sai dai ba Turawa ne suka fara irin wannan aiki a Indiya ba. Tun a ƙarni na 14 Sarki Firuz Shah Tugluƙ na Delhi ya haƙa magudana daga Kogin Yamuna, sarakunan Mugal suka gyara ta, kuma ita ce Turawa suka fara yashewa kafin su soma tasu. Wato ke nan injiniyoyin Ingila a Indiya suka koyi ban ruwa, domin ƙasarsu ta ruwan sama ce, ba ta san wannan sana'a ba.

Willcocks bai je Ingila karatu ba. Ya shiga Kwalejin Injiniyoyi ta Thomason da ke garin Rurki, wadda aka kafa a 1847 musamman don horar da ma'aikatan magudanar Ganjis, ya kammala a 1872. Daga nan ya kama aiki a sashen ban ruwa na ma'aikatar ayyuka, inda ya shafe shekara 11. Wannan tasowa ta yi tasiri a halinsa. Ya saba da rana da tafiyar ƙasa da cuɗanya da manoma, bai kuma taɓa zama ɗan gida sosai a cikin manyan jami'an da suka fito daga makarantun Ingila ba.

Yana da ƙane mai suna James Willcocks, wanda ya zaɓi aikin soja. Wannan ƙane ne ya zama mataimakin Lugga a 1898 a rundunar da Turawa suka kafa a Afirka ta Yamma, shi ne kuma ya jagoranci sojojin da suka kai ɗauki Kumasi a yaƙin Asante na 1900, waɗanda a cikinsu akwai Hausawa da dama. Wa yana riƙe da ma'auni, ƙane yana riƙe da bindiga, amma daula ɗaya suke yi wa hidima.

Masar da ya tarar

Kafin a fahimci aikin Willcocks a Masar, wajibi ne a san yadda ake noma a can tun zamanin Fir'aunoni. Ruwan sama a Masar kusan babu shi. Abin da ke raya ƙasar shi ne daminar tsaunukan Habasha, wadda ke cika Nilu da jan ruwa mai ɗauke da laka. A dā, kogin yakan fara tasowa a Aswan wajen ƙarshen watan Yuni, ya kai maƙura a Satumba. Mutanen dā sun rarraba filayen gaɓa zuwa manyan fadamu, kowace an kewaye ta da ganuwar ƙasa. A watan Agusta sai a fasa bakin magudana, ruwa ya shiga ya kwanta na kimanin kwana 40, lakar ta zauna, sannan a saki ruwan ya koma kogi. A kan wannan danshi ake shuka alkama da sha'ir da wake, a girbe a bazara. Girbi ɗaya ne a shekara, amma ƙasar ba ta gajiya, domin ambaliya na kawo mata sabon taki, tana kuma wanke mata gishiri. Lambunan da ke kan tudu kuwa da jigo ake shayar da su, irin wanda masu lambu a ƙasar Hausa suka sani, daga baya kuma aka sami keken ɗebo ruwa da shanu ke juyawa. Muhimmancin ambaliya ya sa hukuma ke auna ta kowace shekara, domin a kanta ake yanka haraji. Ma'aunin da aka gina a tsibirin Rauda na Alƙahira a shekarar 861 yana nan har yau.

Tunanin tare Nilu ma ba sabo ba ne. A farkon ƙarni na 11, zamanin Halifa Alhakim na Faɗimiyyawa, masani Ibnul Haisam ya ɗauki alkawarin daidaita ruwan kogin. Da ya isa yankin Aswan ya ga girman abin da idonsa, sai ya gane kayan aikin zamaninsa ba za su iya ba, ya janye.

Wanda ya sauya wannan daɗaɗɗen tsari shi ne Muhammadu Ali Basha, wanda ya mulki Masar daga 1805 zuwa 1848. Yana neman kuɗin gina soja da masana'antu, sai ya ga mafita a auduga mai dogon zare da kasuwannin Turai ke nema. Matsalar ita ce auduga shukar bazara ce, tana bukatar ruwa daidai lokacin da Nilu ya fi ƙafewa. Aka haƙa magudanai masu zurfi, amma kowace shekara laka ta cike su, sai a tattaro talakawa da bulala su yashe su kyauta, suna barin gonakinsu watanni. Don rage wannan wahala aka soma gina wata doguwar madatsa mai ƙofofi a arewacin Alƙahira, inda kogin ya rabu biyu zuwa Rashid da Dimyaɗ, a ƙarƙashin injiniyan Faransa Mougel. An gama ta wajen 1861, amma da aka gwada rufe ƙofofin sai harsashin ya tsage, aka bar ta kusan a banza. Bashi ya yi wa Masar katutu har ta kasa biya a 1876. A 1882 sojojin Ingila suka murƙushe yunƙurin Ahmad Urabi, suka mamaye ƙasar.

Lissafin sababbin masu mulki a fili yake. Masar ba za ta biya bashin Turai ba sai ta sayar da auduga, auduga kuwa ba za ta yi ba sai da ruwan bazara. Wannan ne ya sa Turawan Ingila suka damƙa ma'aikatar ban ruwa ga Colin Scott-Moncrieff, shi kuma ya kirawo injiniyoyi daga Indiya. Willcocks ya iso a 1883, aka ba shi kula da wani yanki na bakin kogin. Ya yi ta yawo a ƙafa a kan ganuwoyin magudanai, yana kwana a ƙauyuka, har ya iya Larabcin manoma. Yana cikin waɗanda suka nace cewa madatsar Mougel ba ta mutu ba. Aka yi ta toshe ɓarakarta, daga baya aka yi mata gyara na sosai da kuɗin wani rance na 1885 wanda aka ware fam miliyan 1 daga cikinsa don ban ruwa. Zuwa 1890 tana iya ɗaga ruwa mita 4. Da ruwa ya hau, bukatar yashe magudanai masu zurfi ta ragu, aka koma biyan 'yan kwangila, kuma a ƙarshen shekarun 1880 aka soke mafi yawan aikin tilas. Willcocks ya yi faɗi-tashi a kan wannan, kuma abin a yaba masa ne, ko da yake gadin ganuwoyi a lokacin ambaliya ya ci gaba da zama dole a kan talaka. A 1889 ya wallafa littafinsa kan ban ruwan Masar, wanda injiniyoyi suka daɗe suna dogaro da shi.

Madatsar Aswan

Madatsar bakin kogi tana ɗaga ruwa ne kawai, ba ta ajiye shi. Idan Nilu ya yi ƙasa sosai, kamar yadda ya faru a 1888, babu abin da za ta ɗaga. Abin da ake bukata shi ne rumbun ruwa. A 1890 aka naɗa Willcocks shugaban binciken inda za a yi wannan rumbu. Ya shafe shekaru yana auna kogin, ya duba wurare da dama, har da wani kwari a hamada mai suna Wadi Rayyan, daga ƙarshe ya zaɓi Aswan saboda dutsen da kogin ke bi a kansa a can mai tauri ne, zai ɗauki nauyin gini.

Babbar tambayar ita ce ta laka. Duk madatsar da ta tare jan ruwan ambaliya, cikin 'yan shekaru laka za ta cike ta, a kuma hana gonaki takinsu. Dabarar Willcocks ita ce a yi bangon da ƙofofi masu yawa ta yadda dukkan ambaliya za ta wuce ba tare da an tsayar da ita ba. Sai ruwan ya fara washewa bayan kaka sannan a rufe ƙofofin a tara shi, a riƙa saki kaɗan-kaɗan a bazara lokacin da auduga ke jin ƙishi. A nan ake ganin bambancinsa da sauran injiniyoyin zamaninsa. Ya karanci tsohon tsarin Fir'aunoni da idon girmamawa, ya san cewa jan ruwan nan shi ne arzikin ƙasar, sai ya gina sabon abu ba tare da ya toshe masa hanya ba.

A 1894 aka gabatar da shirin ga kwamitin injiniyoyi uku, Benjamin Baker na Ingila, da Torricelli na Italiya, da Boulé na Faransa. Biyu suka amince, Bafaranshen ya ƙi, saboda tafkin zai nutsar da tsofaffin gine-ginen bauta na tsibirin Fila. Masana kayan tarihi a Turai suka yi ca, har gwamnati ta rage tsawon ruwan da kimanin mita 8, abin da ya mayar da rumbun ƙasa da rabin yadda aka tsara. Abin lura a nan shi ne, duk wannan hayaniya a kan duwatsu aka yi ta. Nubiyawan da ƙauyukansu da dabinansu za su nutse ba su sami mai yi musu irin wannan kururuwa ba.

An aza harsashi a 1899, kamfanin John Aird ya yi ginin da kuɗin da attajiri Ernest Cassel ya samar, aka buɗe ta ranar 10 ga Disamba, 1902. Tsawonta mita 1,950, tana da ƙofofi 180, tana kuma ɗaukar ruwa kimanin kubik mita biliyan 1. A lokacin babu madatsar dutse da ta kai ta girma a duniya. Willcocks dai bai tsaya ya ga ginin a matsayin ma'aikacin gwamnati ba, domin ya ajiye aiki a 1897 ya koma shugabancin kamfanin ruwan sha na Alƙahira. An ba shi lambar girma ta Sa a 1902. Lokaci ya gaskata shi a kan batun tsawo, domin sau biyu ana ƙara wa madatsar tsayi, daga 1907 zuwa 1912, da kuma daga 1929 zuwa 1933, kuma kowane ƙari sai ya sake tayar da Nubiyawa daga matsuguninsu. Gine-ginen Fila sun daɗe a cikin ruwa, sai a shekarun 1970 aka kwashe su zuwa wani tsibiri. Wannan madatsa daban take da Babbar Madatsar Aswan da aka gina daga 1960 zuwa 1970 a zamanin Jamal Abdunnasir, wadda ita ce ta tare ambaliya da lakarta gaba ɗaya.

Ruwan shekara zagaye ya kawo girbi biyu, wani wuri uku, amma bai zo hannu sake ba. An shigar da ruwa gonaki ba a yi masa isasshiyar mafita ba, sai ƙasa ta jiƙe har ƙarƙashi, gishiri ya taso, yawan audugar da kadada ke bayarwa ya ragu a farkon ƙarni na 20. Ƙasar da ba ta hutawa ta koma neman takin zamani. Mafi muni shi ne ciwon tsargiya. A tsohon tsari magudanai kan bushe watanni, dodon koɗin da ke ɗauke da ƙwayar cutar ya mutu. Da ruwa ya zauna, sai cutar ta zauna. Wani bincike da J. Allen Scott ya wallafa a 1937 ya nuna cewa a yankunan ban ruwan dindindin kimanin mutum 60 cikin 100 ke ɗauke da ita, alhali a kudancin ƙasar inda ake bin tsohon tsari ba su wuce kimanin 5 cikin 100 ba. Willcocks da kansa ya ga alamun wannan illa, kuma a rubuce-rubucensa na baya ya yi ta jaddada muhimmancin magudanan fitar da ruwa da darajar jan ruwan ambaliya.

Tsakanin Dijla da Furatu

Bayan wata gajeriyar tafiya Afirka ta Kudu a 1901, inda ya rubuta wa hukumar Turawa rahoto kan ban ruwa, hankalinsa ya koma Iraƙi, wadda a lokacin take ƙarƙashin Turkawa. A 1908 gwamnatin Istanbul ta ɗauke shi mai ba da shawara, ya jagoranci auna ƙasar har zuwa 1911.

Kogunan Iraƙi ba su da sauƙin hali irin na Nilu. Ruwansu daga narkewar ƙanƙarar tsaunukan Turkiyya yake zuwa, saboda haka ambaliyarsu takan zo tsakanin Maris da Mayu, daidai lokacin da hatsi ke nuna, ta zo kuma da ƙarfi babu sallama. Manomin Sumer da Babila ya sha fama iri biyu, na kare gona daga ruwa a bazara da na jawo ruwa gona a kaka. Wannan ya sa doka ta shiga lamarin tun da wuri. A dokokin Sarki Hammurabi, wajen shekara 1750 kafin Miladiyya, wanda ya yi sakaci da ganuwar gonarsa har ruwa ya ɓalle ya cinye shukar maƙwabta, shi zai biya hatsin da aka yi asara. Mutanen dā sun kuma lura cewa a yankin Bagadaza Furatu ya fi Dijla tudu, sai suka haƙa magudanai daga wannan zuwa wancan, ruwa na gangarawa da kansa. Mafi girman aikinsu a gabashin Dijla shi ne magudanar Naharawan, wadda sarakunan Farisa suka faɗaɗa a ƙarni na 6, ta kuma ciyar da Bagadaza a zamanin Abbasiyawa. An saba ɗora laifin rushewar wannan tsari a kan Mongolawan da suka ci birnin a 1258, amma binciken masana ya nuna cewa lalacewar ta riga su. Yaƙe-yaƙen cikin gida, da rashin yashe laka, da gishirin da ke taruwa a ƙasa mai zafi marar mafitar ruwa, su ne suka fara cin ta tun ƙarni na 10.

Willcocks ya bi waɗannan kufai ɗaya bayan ɗaya. Ra'ayinsa shi ne injiniyoyin dā sun riga sun gano inda ya dace ruwa ya bi, aikin na zamani kawai ya farfaɗo da abin da suka bari. Daga cikin dukkan shirye-shiryensa, ɗaya ne aka aiwatar a lokacin, wato madatsar Hindiyya. Asalin matsalar shi ne wata magudana da aka haƙa a ƙarshen ƙarni na 18 da kuɗin wani basarake Musulmi na Indiya don kai ruwa Najaf, inda sunan ya samo asali. A hankali Furatu ya karkata ya bi ta, reshen Hilla da ke wucewa ta kufan Babila ya ƙafe, manoma suka watse. Kamfanin John Jackson ya gina madatsar daga 1911 zuwa 1913, ruwa ya koma Hilla, kuma ta yi aiki har shekarun 1980 da aka maye gurbinta. Rashin kuɗi da Yaƙin Duniya na Ɗaya suka binne sauran. Sai a shekarun 1950 gwamnatin Iraƙi ta aiwatar da shawararsa ta karkatar da ambaliya zuwa tafkin Habbaniyya da kwarin Sarsar, abin da ya kare Bagadaza daga ambaliyar da ta saba cin ta.

Kasancewarsa Kirista mai riƙo da addini, ya yi ƙoƙarin gano wuraren da Baibul ya ambata ta hanyar ilimin ruwa, har ya rubuta littafi yana nuna inda yake ganin lambun Adnin yake a gaɓar Furatu. Wannan ɓangare na aikinsa hasashe ne, masana ba su ɗauke shi hujja ba.

Rigimar ruwan Sudan

Tun kafin yaƙin ne Turawa suka ƙudura noman auduga a Jazira, filin da ke tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu a Sudan, ta hanyar gina madatsa a Sinnar. Ga Bamasare, duk wanda ya taɓa kogin daga sama ya taɓa maƙogwaronsa. Mai ba ma'aikatar ayyuka shawara a lokacin shi ne Sa Murdoch MacDonald, wanda ya yi aiki a ginin Aswan. Willcocks, tare da wani Kanar Kennedy da ya yi aiki a Sudan, ya zarge shi da murɗe alkaluman ma'aunin ruwa don a nuna cewa kogin zai ishi ƙasashen biyu. Zargin ya faɗo daidai lokacin boren 1919 na Sa'ad Zaglul, 'yan kishin ƙasa suka karɓe shi hannu bibbiyu. Ga Baturen da ya tsara Aswan yana faɗin abin da suka daɗe suna tsoro.

Kwamitin da aka kafa a 1920 ya wanke MacDonald. Willcocks bai yi shiru ba, ya ci gaba da rubutu da kakkausan harshe, har aka gurfanar da shi gaban kotun ƙaramin jakadan Ingila a Masar. A 1921 aka same shi da laifin ɓata suna, aka sake shi bisa sharaɗin kiyaye halinsa. Yana dab da shekara 70. Adalci shi ne a ce bai iya tabbatar da zargin maguɗi ba, kuma taurin kai da ɗacin rai sun shiga cikin lamarin. Amma tsoron da ke ƙarƙashin zargin ba na banza ba ne. A 1924, bayan an kashe Sa Lee Stack, gwamnan Sudan, a Alƙahira, cikin sharuɗɗan da Ingila ta gindaya wa Masar har da barazanar faɗaɗa noman Jazira daga fadan 300,000 zuwa yadda ta ga dama. Ruwa ya zama bulala a fili. An gama madatsar Sinnar a 1925, sannan yarjejeniyar 1929 ta ba Masar kubik mita biliyan 48 a shekara, Sudan biliyan 4. Gonakin Jazira sun dogara ƙwarai da ƙwadagon Hausawa da Fulani da Barebari masu tafiya Makka a ƙasa, kuma garin Mai Wurno, wanda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, yana gaɓar Shuɗin Nilu kusa da Sinnar.

Batun harshe

A wajen masana harshe na ƙasashen Larabawa, sunan Willcocks ba da madatsa ya fi fita ba. A 1893 ya gabatar da lacca a Alƙahira, aka buga ta a wata mujalla mai suna Al-Azhar da yake gudanarwa, inda ya yi da'awar cewa abin da ya hana Masarawa ƙirƙira shi ne rubutu da Larabcin littafi wanda ba shi suke magana da shi ba. Ya kawo misalin Ingila, wadda a ganinsa ba ta ci gaba ba sai da ta bar Latin ta koma harshen jama'a. Bai sami masu amsa kiransa ba, mujallar ta mutu. Bai daddara ba. A shekarun 1920 ya fassara Linjila zuwa Larabcin kasuwa na Masar, a 1926 kuma ya fitar da wata ƙasida yana cewa abin da ake magana da shi a Masar da Sham da Magrib da Malta ba Larabci ba ne, tsohon harshen mutanen Kartaj ne.

Wannan da'awa ta ƙarshe ba ta da tushe. Tsarin sauti da ginin kalma da na jimla duk sun nuna cewa waɗannan kare-karen harshe daga Larabci suka fito, har da na Malta. Abin da aka gada daga harsunan dā galibinsa aro ne, kamar sunayen watannin Ƙibɗawa irin su Tut da Baba da Hatur, waɗanda manomin Masar ke lissafin shuka da su. Da'awar farko kuwa ta haɗa gaskiya da kuskure. Gaskiya ne akwai tazara tsakanin harshen gida da na makaranta, yanayin da masanin harshe Charles Ferguson ya yi wa fitaccen nazari a 1959, gaskiya ne kuma yaro ya fi saurin fahimta da harshen da ya tashi da shi. Amma harshe ba ya hana ƙirƙira. Da Larabcin littafin nan ne Ibnul Haisam ya rubuta ilimin haske. Willcocks ya kuma kau da kai daga dalilin da ke gabansa, wato ɗan abin da gwamnatin Cromer ke kashewa a kan ilimi, wanda bai taka kara ya karya ba. Ba abin mamaki ba ne da mafi yawan Masarawa suka ɗauki kiran a matsayin yunƙurin ɗan mulkin mallaka na raba su da harshen Alƙur'ani da sauran Larabawa, ko da yake wasu marubuta irin su Salama Musa sun yaba masa.

Ƙarshen rayuwarsa

A 1930, yana ɗan shekara 77, ya koma ƙasar haihuwarsa ya gabatar da laccoci a Jami'ar Kalkata kan tsohon tsarin ban ruwa na Bengal. Ya ce matattun kogunan yankin magudanai ne da sarakunan dā suka haƙa don rarraba jan ruwan ambaliya a gonakin shinkafa, ruwan da ke kawo taki da 'ya'yan kifi masu cinye tsutsar sauro. Ya ɗora laifin talauci da zazzaɓin cizon sauro da suka addabi yammacin Bengal a kan ganuwoyi da hanyoyin jirgin ƙasa da Turawa suka gina, waɗanda suka raba kogi da gona. Masana ƙasa ba su yarda cewa hannu ne ya haƙa waɗannan koguna ba, amma batun illar ganuwoyin ya sami karɓuwa, kuma 'yan kishin Indiya sun yi amfani da laccocin wajen sukar mulkin Ingila.

Ya rasu a Alƙahira ranar 28 ga Yuli, 1932. Tarihin rayuwarsa da ya rubuta da kansa, wanda ya ƙunshi shekara 60 da ya yi a ƙasashen Gabas, ya fito a 1935. An sa wa wani titi a unguwar Zamalik sunansa, daga baya aka sauya sunan titin zuwa na Ɗaha Husaini, marubucin da ya shahara da kare Larabcin littafi.